Yatsan Amarya da Kuɓewar Baba

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin surukina, wanda muke kira Baba, tun bakin mutane bai gama wanke shi ya koma wani waliyyin da ban taɓa zama gida ɗaya da shi ba. Allah Ya karɓi abinsa a ƙarshen daminar nan, a gidan da muke haya a Uwani, nan Inugu. Ni ban yi nisa a boko ba, kuma ba mai yawan fita ba ce, duniyata daga murhu sai bakin famfo. Amma Allah Ya ba ni kunne. Kwanakin zaman makoki ina tsakar gida ina tuƙa tuwon baƙi, maza suna ƙofar gida ƙarƙashin rumfar da aka kafa, kuma babu maganar da ta tsallako katanga ban tsince ta ba.

Mahauta sun zo daga Fatakwal mota guda, abokan sana'ar maigidana na mayankar Trans-Amadi. Su abin da suka riƙe shi ne ƙofofin motocin shanu. Wani mai babbar murya ya rantse cewa ƙofar da Baba ya ɗaura wa mota, sai dai motar ta mutu ta bar ta. 'Yan albasa sun zo daga Anacha, ƙanen Baba a gabansu, yana kuka yana mita a lokaci ɗaya, wai yayansa ya tafi bai taɓa karɓar shawararsa ba. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Ibo, ta shigo da doya a ka, ta zauna cikinmu, ta ce da Hausarta mai karkata Baba mutum ne marar faɗa. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina, domin ita kanta sun sha yi a kan ƙofar banɗaki. Liman ya yi addu'a. Da aka shafa sai ya ce duk mai son ganin sadakar mamacin ya leƙa ajin Islamiyya ya ga abin da yara ke zama a kai.

Duk gaskiya suka faɗa. Amma akwai wadda ba ta ce komai ba, 'yata ta fari. Tana bakin gado a ɗakin Baba, ba ta ci ba, ba ta yi kuka tare da mu ba, tana ta murza ƙaramin yatsanta na hagu wanda kansa ya ɗan karkace. Tsakaninta da kakanta akwai wata tsohuwar magana ta neman yafiya, kuma ita ce nake gudun kada ta ɓace, domin ita ta fi kama da shi.

Baba ɗan maƙera ne. Motocin shanu suka sauko da shi Kudu yana saurayi, yana bin su yana gyara musu abin da hanya ta karya, har ya koyi walda, ya kafa 'yar rumfa a bayan kasuwar Kenyatta. Aikinsa ƙarfe ne kowane iri, amma zuciyarsa tana kan abu ɗaya, hinji, wato ɗan ƙarfen nan da ƙofa ke juyawa a kansa. Baba ba ya wuce ƙofa bai taɓa ta ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya yi sallama, ya tura ƙofar, ya jawo ta, ya karkata kai. In ta yi ƙara sai ya ce da masu gida su saurara, tana kai ƙara ne, ba a kula da ita. Kullum akwai guntun kyandir a aljihunsa, da shi yake goga mata ta yi shiru. Mun sha jin kunya a gidajen mutane.

Da aka kawo ni gidan nan, na zo da kunyar suruki irin ta garinmu, ina durƙuso tun daga nesa. Amma gidan haya na Kudu bai bar wa kunya wurin zama ba. Famfo ɗaya, baranda ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da na haifi ta fari kuwa sai ya ƙarasa rushe abin. Ka san wasan kaka da jika. Ranar suna ya ɗauke ta ya ce ga amaryarsa ta iso, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara jin ya kira ta da wani suna sai Amarya. Ita kuma da baki ya buɗe take ce masa Tsoho. Ni kuwa, da yake ita 'yar fari ce a wurina, ba na kiran sunanta, ba na nuna ina ji da ita a gaban mutane. Duk abin da alkunya ta hana ni yi mata, shi ya yi. Shi ke sayo mata ƙosai, shi ke rarrashi, shi ya raka ta Islamiyya ranar farko yana riƙe da jakarta.

Islamiyyar tamu ɗaki ne siriri a jikin masallaci. Ranar Juma'a, ko ranar da ruwa ya hana a yi sahu a waje, ɗakin yakan koma wurin salla. Da can benci ake fitarwa waje, ruwa ya yi ta dukansa har ya ruɓe. Baba ne ya ce zai yi kujerun da ba sai an fitar ba. Ya haɗa kowace da ɗan teburinta a kan ƙarfe, mazaunin kuma na katako ne mai naɗewa sama. In an ɗaga mazaunin sai kujerar ta zama siririya, a tura ta jikin bango, a shimfiɗa tabarma. Jama'a suka yi ta sa albarka. Hinjin da ya sa irin na ƙofa ne, fiffike biyu a bayan mazaunin. In an ɗaga, baki ya buɗe a baya. In an sauke, bakin ya rufe kamar almakashi. Ba wanda ya kawo komai a ransa, har shi.

Wata ranar Asabar bayan an fito da kujerun daga jikin bango, Amarya ta dafa bayan kujerarta tana neman fensir da ya faɗi, wata yarinya ta faɗo kan mazaunin da wasa. Ina wanke-wanke na ji kukan tun daga kwanar layi, na kuma san na wace ce. Farce ya fita, kan yatsan ya murƙushe. A asibiti aka ɗinke, aka ce zai warke amma ba zai miƙe ba.

Ciwon ya warke. Abin da bai warke ba shi ne yarinyar ta ce ita da Islamiyya har abada, kuma ita da Tsoho haka. Ta ji manya suna cewa kujerar Baba ce ta cije ta, ta riƙe. Ta kwashe 'yan kayan wasanta daga ɗakinsa ta kai ɗakin maƙwabciyarmu Ibo. Mutanen gida suka yi ta dariya, wai Amarya ta yi yaji. Ni ban yi dariya ba, domin na ga abin da suka kasa gani. In ya kawo ƙosai sai ta ba kaji. In ya yi mata magana da Hausa sai ta juya ta amsa wa bango da Ibo, yaren da ta san bai iya ba sai na ciniki. Babanta ya dawo daga Fatakwal ya ɗauko bulala, Baba ya ce in ya taɓa ta shi ma ya nemi wani uban. To ga yarinya tana zaune a gida sa'o'inta suna haye surori, ga tsoho yana ramewa a gabana.

Washegarin abin, tun kafin yara su zo, Baba ya je da baro ya kwance mazaunan nan kaf ya kai rumfarsa. Damina ce, ƙasan ɗakin yana tsattsafo da ruwa, yara suka koma kan tabarma mai danshi. Liman, wanda abokinsa ne tun suna samari, ya biyo shi har gida. Ina bayan labule. Ya ce iyaye suna ƙorafi, yara suna tari, ya mayar da kujeru a ja wa yara kunne su kiyaye hannuwansu. Baba ya ce ba a ja wa ɗan shekara shida kunne a kan abin da babba ya ƙera ba daidai ba. Liman ya ce abin da ya faru ƙaddara ce.

"Ƙaddara ce, Malam," in ji Baba, "amma da gudumata aka buga ta."

Liman ya tashi ya kaɗe riga ya fita bai yi sallama ba. Suka daina zama tare bayan la'asar, sai gaisuwar masallaci.

A nan ne kuɓewata ta shiga uku. Baba yana neman abin da zai tsaya a madadin yatsan yaro, ya riƙa sa shi a bakin hinji yana gwadawa. Ya gwada alli, ya ce alli karyewa kawai yake yi, ba ya nuna an ƙuje shi. Ya gwada karas, ya ce ya fi yatsan yaro taurin kai. Wata safiya ina yanka ɗanyar kuɓewa ya tsaya a kaina, ya ɗauki ƙarama ɗaya, ya matsa ta, ya ga ta yi tabo tana fitar da yauƙi. Ko tambayata bai yi ba ya zuba rabin kwanon a aljihun da kyandir yake. Daga ranar na shiga wahala. Kuma ba manya yake so ba, ƙananan nan masu laushi, waɗanda su ne daɗin miya. In na ɓoye a ƙarƙashin gado ya aiko a tambaya. In na ce babu ya ce ai ya ji ƙanshi, kamar kuɓewa tana da ƙanshi. Wata rana haƙurina ya ƙare, na durƙusa na ce, Baba, yau dai miyar kuka za a sha a gidan nan, kuma kada a tambaye ni dalili. Ya ce a sha kuka ɗin, shi ma ita ta raine shi. Da yamma sai ga shi da ƙullin kuɓewar da ya gama gwaji da ita, duk ta daddage, wai in duba ko za ta miyu, kada a yi almubazzaranci. Na dafa ta. Miyar ranar har ɗanɗanon ƙarfe take yi.

Da farko roba ya liƙa a bakin hinjin. Kuɓewa ta fito da tabo. Ya ƙara kauri, mazaunin ya ƙi zama daidai. Ya rage faɗin bakin don kada yatsa ya samu shiga, sai ya ga in yatsa bai shiga ba gefen hijabi zai shiga, kuma dama 'yan mata sun sha dawowa gida da hijabi a yage. Kowace yamma yakan dawo ya zauna a baranda yana kallon ƙofar maƙwabciya, inda Amarya ke wasa ta ba shi baya.

Ƙanensa na Anacha ya ji labari, ya taso daga kasuwar Ose Okwodu da kwalin hinji na kanti masu sifirin, irin waɗanda in ka tashi mazaunin ya ɗaga kansa. Ya ce yaya ya daina wahalar da kansa, duniya ta ci gaba. Baba ya ɗaura ɗaya a nan tsakar gida don kada a ce bai gwada ba, ya ce ƙanen ya zauna. Ya zauna, ya tashi, ya sunkuya zai ɗauki takalminsa, mazaunin ya taso ya daki haɓarsa har hula ta faɗi. Na ruga ɗaki na toshe baki da zani. Baba ko murmushi bai yi ba. Ya ce wannan haɓar gemu ne da ita, ta yara fa? Ya ƙara da cewa ruwan garin nan wata nawa zai ɗauka kafin ya cinye sifirin. Ƙanen ya tattara kwalinsa ya koma ko abinci bai tsaya ci ba, kuma ka ji har a makoki bai huce ba.

Mafita daga bokitina ta fito. Na ɗebo ruwa a famfo na ajiye, hannun bokitin ya kwanta gefe kamar kullum. Baba yana alwala, sai ya tsaya da ruwa a hannu. Ya ce in ɗaga hannun in sake. Na ɗaga na sake. Ya ce in ƙara. Ya zo ya tsuguna yana kallon kunnuwan bokitin nan biyu inda ƙarfen ke juyawa. Ya ce shekara nawa ina ɗaukar bokiti, ya taɓa cizona? Na ce bai taɓa ba. Ya ce saboda ba a baki yake juyawa ba, a kunnuwa yake juyawa. Ya juye mini ruwan a baho ya tafi da bokitin. Ban sake ganin bokitin nan ba.

Abin da ya yi, yadda ya bayyana mini ina tsintar shinkafa, shi ne ya raba mazaunin da hinjin ƙofa gaba ɗaya. Ya sa ɗan sandan ƙarfe a dama, ɗaya a hagu, kowanne yana juyawa cikin guntun bututu, a rufe, ba inda yatsa zai kai. A bayan mazaunin ya bar fili wanda hannun yaro zai shiga ya fita, kuma filin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko an ɗaga ko an sauke. Ya ce rami ba shi ne mugu ba, ramin da ke rufewa shi ne mugu. Abin da mazaunin zai sauka ya dogara a kai kuma ya mayar da shi can ƙasa a tsakiya, inda hannu ba ya zuwa, ya naɗe shi da robar tsohuwar taya. Ya yanka wasu 'yan zobba daga tayar ya matse su a jikin sandunan, yadda mazaunin ba zai faɗo da kansa ba sai an tura shi, kuma a hankali zai sauka. Kawunan kusoshi duk ya goge su suka yi sumul saboda hijabi.

Saura abin da za a shafa don kada ya yi ƙara. Baƙin mai zai ɓata fararen hijabai. Maigidana, da yake mahauci ne kuma yana son ya taimaki ubansa, ya kawo kitse daga mayanka ya ce ba abin da ya kai shi santsi, kuma fari ne. Baba yana shakka amma ya bari aka shafa wa na gwaji, aka bar shi a baranda. Kafin azahar kiyashi sun yi layi tun daga bakin kwata, kwana biyu kuma ɓera ya gaigaye robar tas. Maigidana ya daina zancen. Aka koma kan kyandir.

Ranar da kuɓewa ta shiga ta fito lafiya ta kowane gefe, Baba bai kai kujerar makaranta ba. Ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya je gidan liman. Ban san abin da suka ce wa juna ba, wannan katangar ta yi mini nisa. Na dai gan su sun shigo tare bayan la'asar, liman a gaba yana danne dariya, Baba a baya yana tura kujera a baro. Liman ya yi sallama a ƙofar maƙwabciya ya ce shi waliyyin ango ne, sun zo biko.

Dattijuwar nan ta gane wasan nan take. Ta ɗaura ɗankwali, ta fito da Amarya ta zaunar da ita a kan turmi, ta ce ita ce uwar amarya, a faɗi abin da aka zo da shi. Duk gidan aka fito. Baba ya durƙusa da rigarsa a kan siminti, ya ciro kuɓewa daga aljihu, ya sa a bayan mazaunin, ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke, ya miƙa wa uwar amarya ta duba. Ta jujjuya ta ta ce babu tabo. Amarya ta yi magana da Ibo tana kallon gefe. Dattijuwar ta fassara, wai an ce kuɓewa ba ta kuka, ko an cije ta ba za ta faɗa ba.

Baba ya ce gaskiya ne. Ya naɗe hannun riga ya sa ƙaramin yatsansa a wurin, ya ce ta zo da kanta ta sauke, da duk ƙarfin da take da shi, in ya cije shi sun yi ɗaya. Ta kalle shi. Sannan ta sauko daga turmi, ta kama mazaunin da hannu biyu, ta danna shi da fushin da ta tara tun ranar asibiti. Ya sauka a hankali abinsa, ko ƙara bai yi ba. Ta ɗaga ta sake dannawa. Ta haye kai ta yi tsalle. Baba yana durƙushe yatsansa na ciki, yana kallonta.

Ba wanda ya ce ta yi abin da ta yi bayan nan. Ta sauko, ta ture hannunsa, ta sa nata, yatsan nan mai karkataccen kai. Ni dai na kama ƙofa. Ta ce da shi, da Hausa, karon farko tun ranar, ya sauke. Ya kama mazaunin. Ya sauke. Ta zaro yatsan ta duba, ta hau kujerar ta zauna, ta gyara zaninta.

"Na koma," ta ce. "Amma ban yafe ba."

Liman ya buɗe baki zai yi wa'azi, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Komawar ta ishe ni, Amarya. Yafiyar ki ajiye mini, zan zo in karɓa."

Da Asabar ta zagayo ta ɗauki jakarta, shi ya raka ta. Ya mayar da mazaunan ajin duka a kan sabon hinji. Daga baya malaman Islamiyyun Hausawa na Anacha da Fatakwal suka riƙa aiko masu walda su zo su gani. Bai taɓa ɓoye wa kowa ba, zai kwance ya nuna maka har zoben taya. Sharaɗinsa ɗaya, kada kujera ta shiga aji sai an gwada ta da ɗanyar kuɓewa, ƙarama. Akwai wanda ya yi dariya, Baba ya karɓe samfurin daga hannunsa ya ce ya tafi ya dawo ranar da ya haihu.

Maganar yafiya kuwa ta zama abin wasansu. Kowace Salla in ta zo gaishe shi zai ce, an yafe? Ta ce ba yanzu ba, Tsoho. Ya ce to zai ƙara haƙuri, ya tura mata naman da ya fi laushi a kwanonsa. Ta yi sauka, ya tambaya, ta ce ba yanzu ba. Ta girma ta fara koyar da ƙananan aji a wannan ɗakin dai, ya tambaya, ta ce ba yanzu ba. Mu duka mun ɗauka wasa ne, kuma wasan ne. Sai dai na lura duk lokacin da ta miƙa masa ruwa, idonsa kan yatsan yake sauka kafin ya kai kan kofin.

Ciwonsa bai yi tsawo ba, kuma bai wahala ba, alhamdu lillahi. Ranar da zai tafi, da rana, ana yayyafi, ya ce a tara masa mutanen gida. Ya nemi gafarar ɗansa. Ya nemi ta maƙwabciya, ta ce ƙofar banɗakin ma ai gaskiyarsa ce. Ya nemi tawa, ya ce akwai bokiti, na ce na yafe duniya da lahira, ina dariya hawaye na zuba. Amarya tana makaranta, aka aika. Kafin ta iso muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ta shigo da hijabinta a jiƙe ta durƙusa a bakin gado. Ya lalubo hannunta na hagu, ya kama yatsan.

"Amarya, na zo karɓar ajiyata."

"Ba yanzu ba, Tsoho," ta ce.

Daga baya ta gaya mini ba wasa ta yi ba a wannan karon. Gani ta yi in ta ba shi, ba abin da ya rage masa a gidan nan, zai tafi. Shi kuwa ya yi murmushi irin na kowace Salla, ya lumshe ido. Na ga yadda ƙirjinsa ke yi. Na manta da alkunya, na kira sunanta a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta, na ce ta ba shi abinsa. Ta kifa bakinta a kunnensa ta ce ta yafe, ta yafe tun ranar da ta hau kujerar, tun kafin ranar ma. Tana ta faɗa har liman, da ya zo duba shi, ya dafa kafaɗar maigidana ya fara salati.

Abin da ya hana ta ci kenan a kwanakin makoki. Tana so ta san ko ya ji. Ta tambayi babanta, shi mutum ne da ba ya iya ƙarya ko ta rarrashi, ya ce bai sani ba, idonsa ya cika da hawaye a lokacin. Ta tambayi liman, ya ce yafiya tana isa inda aka aike ta ko kunne bai ɗauka ba. Ta ce ta yarda, amma ba shi ta tambaya ba. Da baƙi suka watse ta same ni a bakin murhu, ta ce duk gidan nan ni ce ba abin da ke wuce kunnena, in gaya mata gaskiya.

Na gaya mata abin da na ji. Lokacin da ta fara maganar numfashinsa yana sama-sama, gajere. Da ta kai tsakiya sai ya ja ɗaya dogo ya sauke shi a hankali, irin wanda yakan sauke a baranda in ya dawo daga rumfa ya cire takalmi. Na san wannan numfashin, na shekara da shekaru ina jin sa ta taga. Na ce mata ya ji. Ta dube ni, sannan ta jawo kwanon tuwo ta ci, ta ƙara. Da Asabar ta koma ajinta.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa yaran da ke zama lafiya su tashi lafiya su zama shaidarsa. Ni dai abin da kunnena ya ba ni na faɗa, kuma hankalina a kwance yake da shi. Kai fa, da kai ta tsare a bakin murhu da wannan tambayar, me za ka ce mata?